Daminar da Na Koya wa Hasan Meson

Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan tun kuna ƙanana, wadda ban taɓa tsawatar muku a kanta ba, domin wanda ake yi da shi yana raye a lokacin, kuma in an yi ta shi ne kan gaba wajen dariya. Duk yaron da aka maimaita wa karatu sau biyu bai ɗauka ba, sai ku ce ya gado kan Baffa Hasan, mutumin da ya cinye damina guda ana koya masa abu ɗaya. Kwanan baya na ji ɗayarku ta jefa wa ɗanta wannan magana a tsakar gida, aka yi dariya kamar yadda aka saba, ni kuwa sai na ji abincin ya fita daga raina. Hasan yana ƙasa yanzu. Waɗanda suka san asalin zancen mu biyu muka rage, ni da gwaggonku Gambo, ita kuma ba ta rubutu, in ta fara ba da labarin sai kuka ya ci ƙarfinta. Saboda haka bari in rubuta muku yadda abin ya kasance.

Ni da Hasan tagwaye ne, kun sani, kuma mu ne 'ya'yan fari a wajen kakarku Iya. Wannan ya ɗora mata dokoki biyu a kanmu. Ta farko kunyar ɗan fari. Iya ba ta kama sunanmu, shi Babba ne ni Ƙarami, ba ta yabonmu, ba ta nuna tana kewarmu, kuma in da hali ba ta yi mana magana kai tsaye sai ta bakin ƙanwarmu Gambo. In na dawo hutu daga makaranta bayan wata da watanni, sai ta dube ni sau ɗaya ta ce wa Gambo ta ba baƙon nan ruwa. Ta biyu dokar tagwaye: abin da aka ba ɗaya dole a ba ɗayan, in ba haka ba wanda aka tauye zai yi fushi, fushin ɗan tagwaye kuwa a wajen mutanen ƙauyenmu ciwo ne, wani lokaci ma komawa inda aka fito. Malamai sun sha gaya mata babu wannan a littafi, ta ce ta ji, ta ci gaba da abinta. Hula biyu, riga biyu, bulala ma biyu, domin in Hasan ya fasa tulu ni ma sai na sha nawa kason. Da na shiga jami'a aka saya mini takalmi sau-ciki, sai da aka saya wa Hasan irinsa, ya rataye shi a ɗaki har ɓera ya gama da shi, don mai shiga ruwa kullum ba shi da inda zai sa shi. Aurenmu ma a mako ɗaya aka ɗaura.

Karatu ne kaɗai ya tsallake wannan doka, shi ma don Hasan ne ya ƙi da bakinsa. Tare aka sa mu, ya gama firamare ya ce shi ruwa yake so, ya bi mahaifinmu cikin kwale-kwale, da mahaifin namu ya rasu ya gaji ragarsa da gonar shinkafarsa a fadama, can tsakanin Hadejia da Guri. Iya ta ce wanda aka miƙa wa ya ce ya ƙoshi ba a tauye shi ba. Da wannan fatawa tata na yi sakandare, na yi jami'a, na zama ƙaramin malamin fiziks, kaina cike da wasu ƙananan halittu da ko tabarau mafi ƙarfi ba ya nuna su.

A shekarar da nake ba ku labari, na sami gurbi a wata babbar cibiyar bincike a ƙasar Turai, inda suke da na'ura mai tsawon da sai an shiga mota ake zagaya ta, suna gwara wasu ƙwayoyi mitsi-mitsi da juna don su ga abin da ke cikinsu. Shekara uku zan yi. Sharaɗi ɗaya ne, in isa kafin ƙarshen damina, in ban isa ba a ba wani, kuma masu jira suna da yawa. Mahaifiyarku tana Hadejia wajen iyayenta da cikin babbanku, ta riga ta yarda. Abin da ya rage mini albarkar Iya, wadda na ɗauka aikin yini ɗaya ce. Na taho ƙauye da ruwan farko, jakata ma ban kwance ba.

Na same ta tana bandar kifi a bayan ɗaki, hayaƙi ya sa idonta ja. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta dube ni ba, ta juya wata tarwaɗa a kan waya, ta ce wa Gambo ta tambayi baƙon nan me zai ɗebo a can wanda babu shi a nan. Na ce ilimi. Ta ce ilimin me. Na ce na wani abu da ake kira meson. Ta maimaita kalmar a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya, sannan ta yi tambayar da ban taɓa zato ba.

"Shi Babba an tambaye shi ko yana so?"

Hasan yana zaune a gindin bango yana ɗinkin raga. Na yi dariya, don na san amsarsa tun muna yara. Na ce, to ga shi nan, a tambaye shi. Ya ɗaga kai ya dubi Iya, ya daɗe yana dubanta, sannan ya mayar da ido kan ragarsa.

"Ina so," in ji shi.

Iya ta ce to magana ta ƙare. Jirgin sama dai ba ya rabuwa biyu, ta sani, amma ilimi yana rabuwa. Babu inda Ƙarami zai je sai Babba ya karɓi kasonsa na wannan meson, ya zo gabanta ya faɗa mata da bakinsa har ita ma ta gane. Ranar da aka yi haka, ranar za ta sa albarka.

Ku da kuka tashi a wannan zamani za ku ce me ya hana ni in ɗauki jakata in yi gaba. Ba a yin haka, kuma ko ana yi ni ba zan iya ba. Ƙafata ba za ta taka matakalar jirgi ba alhali Iya ba ta ce je ka ba. Amma kada ku ɗauka na karɓi hukuncin da daɗin rai. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta huci ni kaɗai a bayan gida, daga baya na lallashi kaina da cewa Hasan ba daƙiƙi ba ne, mako guda ya ishe mu.

Ajinmu kwale-kwale ne. Da an idar da sallar asuba sai mu sauka bakin ruwa, shi a baya da sandar tuƙi, ni a gaba ina fuskantarsa kamar malamin gaske, mu ratsa ta cikin doguwar ciyawar kachalla zuwa inda ya kafa ragarsa. Na fara masa daga ƙwayar shinkafa. Na ce a raba ta, a sake rabawa, a yi ta rabawa har a kai ga ƙwayar zarra, wadda ita ce tubalin kowane abu, ruwan nan da kifin da ni da shi. A tsakiyar ƙwayar zarra akwai wasu 'yan dunƙule, firoton da niyutiron, kowannensu kuma ƙunshi ne na wasu abubuwa uku da suka fi shi ƙanƙanta, sunansu kwak. To shi meson ɗan'uwansu ne, sai dai shi biyu ya ƙunsa ba uku ba: kwak guda da akasinsa, wato wani kwak ɗin mai nauyi iri ɗaya da irinsa amma halinsa a juye, in wannan na dama ne wancan na hagu. Na gaya masa ba a Turai kaɗai suke ba, ko a saman kanmu ana haifarsu kullum, in wasu ƙwayoyi masu gudu daga sararin samaniya suka doki iska can sama da gajimare. Hasan ya saurara da kyau, ya ciro karfasa biyu daga raga ya jefa cikin jirgi, ya tambaye ni ko na taɓa ganin meson ɗin da idona. Na ce ba a ganinsa, sawunsa ake gani, kamar yadda yake gane tarwaɗa daga motsin ruwa. Ya ce shi ai daga baya yana kama ta ya riƙe a hannu.

"Ban gane ba," ya ce. "Sake faɗa."

Na sake faɗa. Washegari ma na sake. Wannan kalma tasa ta zama mini kamar sauro a kunne. In na bi ta nan ya ce ya gane kwak amma akasin ne ya ɓace masa, in na gyara akasin sai ya ce yanzu kuma ƙwayar zarrar ce ta zube. Na zana masa a kan yashi, na jera masa ƙwallon goruba, na ɗaura duwatsu bibbiyu da uku-uku. Da hantsi mu dawo gida, Gambo ta ajiye mana akushi ɗaya kamar muna yara, Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta ta ce a tambayi malamin ko ɗalibinsa ya ɗauka. Hasan ya ce da saura. Sai ta ce Allah ya buɗa, ta sa a ƙara mana kifi. A wannan damina na ci burabusko da miyar busasshen kifi irin wanda rabona da shi tun kafin in tafi sakandare, da gasasshiyar karfasa mai yaji wadda Iya kaɗai ta iya. Na lura ba ta daka da kanta, kuma tana yawan zama, zanenta ma ya fara yi mata yawa. Na ɗauka tsufa ne. Na lura kuma duk lokacin da muka sa hannu a akushi tana kallonmu, in na ɗago sai ta mayar da ido kan kaji.

Abin da ya fi ba mu wahala, ko in ce ya fi ba ni, shi ne bayanin dalilin da ya sa ba a taɓa samun kwak shi kaɗai ba. Na gaya wa Hasan duk sauran abubuwan da muka sani, in ka nisanta su jan da ke tsakaninsu raguwa yake yi, amma waɗannan biyun a'a. Kana jan ɗaya daga ɗayan, abin da ya ɗaure su yana nan da ƙarfinsa, har ƙarfin da ka zuba wajen ja ya taru ya haifi sabon kwak da sabon akasi a tsakiya, kowane tsoho ya kama sabo. Ka so ka raba meson ɗaya, ka tashi da meson biyu, kwak tilo kuwa ba ka samu ba. A ranar muna bakin ruwa, yana gyaran igiyar da yake ɗaure jirgi. Ina cikin magana ya sa wuƙa ya yanke inda ta ruɓe, ya riƙe guntayen biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya dubi na dama, ya dubi na hagu, na ga gefen bakinsa ya motsa. Sai ya ƙulla su, ya ja ƙullin da haƙori, ya ce mini wannan kam ya fi na jiya duhu, in sake faɗa.

Shi da kansa ya baza zancen a gari. In masunta suka taru da yamma suna shanya raga, sai ya ce musu kansa gorar kamun kifi ce, tana yawo a kan ruwa amma ko ɗigo ba ya shiga. Aka yi ta dariya, har mata a bakin rijiya suna tambayar Gambo ko yayanta ya haddace. Mutumin da ake zuwa wajensa shawara a kan ruwa da iri ya zama abin zolayar yara, shi kuwa ko a jikinsa. Ni ne abin ya dama. Shinkafa ta yi kore shar a fadama, bado ya rufe tafkuna, ruwan gulbi yana ƙaruwa kullum, kuma kowa a yankinmu ya san in ya kai wani matsayi sai ya yanke hanyar Hadejia, motar kasuwa ta daina shigowa sai kaka. Na fara ganin gurbina yana tafiya hannun wani. Wata safiya a tsakiyar ruwa na daina koyarwa, na zauna, hawayen takaici ya cika mini ido. Hasan ya kafa sandarsa ya tsayar da jirgin. Ya ce tun da na gaji da karatun, in bar shi, in gaya masa kawai mene ne ni kaina nake son in gano a can, abin da ya hana ni sukuni haka.

Ba a matsayin malami na amsa masa ba, a matsayin ɗan'uwa na amsa. Na ce akwai wani meson da ake kira kayon, wanda cikin ɗan gajeren ransa yake rikiɗa ya zama akasin kansa, ya sake rikiɗowa. Da an ɗauka rikiɗar nan daidai take ta kowane gefe, sai aka gano gefe ɗaya ya ɗan rinjayi ɗayan, rinjaye ɗan mitsitsi. Masana suna zaton irin wannan ɗan bambanci yana da hannu, cikin ikon Allah, a dalilin da ya sa duniya ta wanzu da kaya a cikinta, domin da abu da akasinsa daidai suke ta kowace fuska da sun cinye juna tun farko, babu abin da zai saura. Na ce wannan ɗan bambancin nake son in sa hannu a auna. Sau ɗaya na faɗi wannan, ban ƙara ba. Hasan bai ce ya gane ba, bai ce bai gane ba. Ya zare sandarsa, a hanyar komawa na ga ya tsaya yana duban wata goruba da ke bakin gaɓa, wadda ruwa ya fara taɓa saiwarta.

Bayan 'yan kwanaki, ranar kasuwar Hadejia, na fito da asuba na tarar bai ɗauko sandar tuƙi ba. Yana sanye da rigarsa ta Juma'a, da guntuwar igiya a hannu. Ya ce wa Gambo ta gaya wa Iya ya ɗauka. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta fito ta zauna tana dafa bango. Hasan ya fara daga ƙwayar shinkafa, ya gangaro har kan kwak, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya zo kan meson sai ya miƙa igiyar a gabanta.

"Iya, wannan igiya bakinta nawa?"

Ta ce biyu. Ya yanke ta, ya ɗaga guntu ɗaya.

"Wannan fa?"

Ta ce biyu.

"To haka suke. Duk yadda aka ja, duk inda aka kai ɗaya, ba a samun mai baki ɗaya."

Iya ta karɓi guntayen ta ajiye a cinyarta. Ta tambayi tsawon ransu, Hasan ya ce ƙiftawar ido ɗaya ta ishi miliyoyinsu su rayu su mutu, wannan bayan wancan. Ta ce Allah sarki. Sannan ta tambaya ko su biyun daidai suke, ba a tauye ɗaya ba. Na buɗe baki zan amsa, Hasan ya riga ni. Ya ce kusan daidai, amma akwai ɗan bambanci ƙanƙani, kuma ba tauyewa ba ce, don ana zaton da babu shi da babu kowa, shi ne ma abin da Ƙarami zai je ya auno. Iya ta juya guntayen igiyar a cinyarta. Daga nan ta dube ni, ni kaina, ba ta bi ta bakin Gambo ba.

"Je ka, Ƙarami. Allah ya yi albarka."

Ruwa ya riga ya ci wani sashe na hanya, don haka a kwale-kwale Hasan ya kai ni inda motar kasuwa ta tsaya. Ita ce ta ƙarshe da ta shigo a wannan damina. Murna ta cika ni har ban tsaya na tambayi kaina yadda mutum zai kwana bai san komai ba ya wayi gari ya san duka ba. Na dai ce masa ashe kan nasa yana ja in ya ga dama. Ya yi dariya, ya ce in gaishe da su kwak.

Na isa a kan lokaci. Aikin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Shi kayon ɗin da muke bi ba ya barin sawu, sai dai ka ga fili fayau a hoton na'ura, can kuma sai sawu biyu su ɓullo daga wuri ɗaya su rabu kamar reshe, ka san a nan ya mutu ya bar wasu ƙananan meson biyu. Na yi shekaru ina duban irin wannan reshe ban gaji ba, kuma sunana yana cikin jerin ɗaruruwan da suka ƙara wa awon nan ɗan daidaito. Amma ban cika wata biyar a can ba saƙo ya iso ni ta bakin wani ɗalibi ɗan ƙasarmu cewa Iya ta rasu bayan an gama yankan shinkafa. Kafin labarin ya zo hannuna an yi sadakar bakwai. Ban ɗauki makararta ba, ban zuba mata ƙasa ba, ban ji maganarta ta ƙarshe ba. Wannan shi ne kuɗin da na biya.

Sai da damina ta zagayo na sami hutu na dawo. Na kwana ɗaya a Hadejia na ga babbanku yana rarrafe, na wuce ƙauye. Bayan mun je kabari mun yi addu'a, washegari da asuba Hasan ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da sandar tuƙi a hannu. Ya ce in taso, akwai kasona a wajensa, Iya ta bar masa wasiyyar kada ya ci shi kaɗai. Muka shiga jirgi, amma wannan karo shi ya zauna yana fuskantata, ya bar ruwa yana tafiya da mu a hankali.

A nan na ji abin da ban sani ba. Tun kafin ruwan farko na waccan shekara Hasan ya kai Iya asibiti a Hadejia, aka gaya musu ciwon da ke cikinta ba mai tashi ba ne. Ta hana a gaya mini, don ta san in na ji ba zan tafi ba, ita kuwa ba ta so a ce ita ta tare mini hanya. Amma tana so ta ga mu biyu a kan akushi ɗaya na damina guda, kuma kun san bakin da bai iya kama sunan ɗan fari ba ba zai iya ce masa zauna ina kewarka ba. Ba su taɓa ƙulla wannan magana da Hasan ba, ko sau ɗaya. Da ta ce an tambayi Babba ko yana so, ya dubi idonta ya gane. Karatun kuwa ya ce tun makon farko ya shige shi, ranar igiya ma da ƙyar ya danne dariya. Saiwar gorubar nan ita ce agogonsa: ya riƙe ni iyakar abin da ruwa ya yarda, ya sake ni ranar da in ya ƙara kwana ɗaya zan rasa motar. Na tambaye shi zolayar da ya jawo wa kansa fa, ya ce ai sai da dalili mutane za su yarda malamin jami'a ya kasa koyar da mutum ɗaya, kuma gara a ce kansa ne da a ce nawa.

Daga nan ya ba ni kwanakinta na ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, bai rage komai ba: abin da ta iya ci, wanda ya zo dubiya, ranar da ta sa aka fito da ita ta ga shinkafar da aka yanko, da guntayen igiyar nan biyu da Gambo ta tarar a ƙullin bakin zanenta. Ya ce ranar da za ta cika, da hantsi, yana riƙe da kanta yana ba ta ruwa, sai ta buɗe ido ta dube shi.

"Ta ce, Hasan. Da bakinta ta kama sunana sak. Tun da aka haife ni ban taɓa ji ba. Sai ta ce ba a ba ɗaya a hana ɗaya. Ta juya wajen ƙofa kamar kana tsaye, ta ce, Husaini. Ta ce in ajiye maka har ka dawo."

Jirgin ya shiga cikin kachalla ya tsaya da kansa. Hasan bai taɓa sanda ba, yana jirana. Kowace kalma ta shige ni, babu wadda ta ɓace mini. Na share fuskata da hannun riga, na dube shi.

"Ban gane ba," na ce. "Sake faɗa."

Ya gyara zama, ya sake faɗa.